Gishiri Ba Ya Bin Tururi

Daga ofishin Babban Shugaban Ƙungiyar Masu Kiwon Kifin Teku da Murjani, zuwa ga tsohon mai kula da babban tanki a shagon Baba Mai Kifi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da aiki, da gajiya, da baƙunta a gidan tace ruwan sha da aka ce ka koma. Idan ka tambaye mu, lafiya lau muke, sai tulin aikin ofis da ya hana ni ko sosa ƙeya.

Kada karkacewar rubutu ta dame ka. Sakatarena yana hutu, mu kuwa manya ba mu saba riƙe biro ba.

Dalilin wannan takarda shi ne, a zagayen da nake yi na leƙa shagon mahaifinka, na ga abin da ya hana ni zama wuri ɗaya. Murjanin nan mai rai, halittar teku mai rassa da kuke kira Gimbiya, wadda ka raina tun tana kamar ƙumbar yaro har ta kai faɗin faranti, ta ƙi buɗewa. Da an kunna fitila takan baje gashinta kamar mai jiran a yaba. Yanzu ta tsuke kamar wadda aka yi wa faɗa. Kifayen nan biyu masu ruwan lemo da farar ɗamara ma sun koma lungu, sai motsa baki suke yi.

Na sa aka kawo mini ma'aunin gishirinka, wanda ake ɗiga masa ruwa a leƙa ta ido ɗaya. Ka sha faɗi cewa layin da ake gani a ciki ya tsaya a talatin da biyar. To na same shi ya haura talatin da takwas. Na tsare ƙaninka da tambaya, wani yaro mai hankali da natsuwa wanda na ga ba a ba shi girman da ya kamata a gidan. Ya rantse mini ba su canza komai ba. Bokitin gishirin da ka bari shi suke ɗiba. Suna haɗawa a shuɗiyar ganga, su bar famfo ya kwana yana juya ruwan, su auna, talatin da biyar cif. Duk sanda ruwan tanki ya ja baya sai su cika shi daga gangar. To ta ina gishiri yake shigowa? Yaron ya duba rufi, ya duba bututu, har ya zargi kyanwar maƙwabta.

An kuma ba ni labarin yadda ka tafi, domin Shugaba ba ya yanke hukunci da kunne ɗaya. An ce mahaifinka ya tsoma yatsa a tanki ya lasa, kamar yadda ya saba, ya ce gishiri ya yi daidai. Kai kuma a gaban masu ciniki ka ce harshen Baba ma ya kamata a kai shi a saita. Mutane suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya miƙo hannu kawai, ka ajiye masa makulli a tafin hannu, ka fice. Tun daga nan ka kashe waya, shi kuma ya hana a ambaci sunanka a shago. Da ya buɗe shagon nan da kifin ruwan daɗi kai ba ka iya ɗaura wando ba, wannan gaskiya ne. Kai ka kawo teku cikin shagon, wannan ma gaskiya ne. Amma idan giwaye suka yi faɗa ciyawa ce ke shan wahala, ciyawar kuwa ita ce Gimbiya.

Saboda haka Ƙungiya ta umarce ka da ka aiko da bayani ta hannun direban da ya kawo maka wannan takarda. Idan ka ƙi, za mu soke sunanka daga manyan masana.

Af, na ga wata farar ganga cike da ruwa a bayan ƙofa, ba gishiri a cikinta ko kaɗan. Na ba yaron izini ya ci gaba da goge daɓe da ita. Daɓen bai taɓa ƙyalli haka ba.

Ka huta lafiya. Ni ne naka,
Babban Shugaba. Ga hatimina a ƙasa.

*

Daga Babban Shugaba, a karo na biyu, cikin ɓacin rai.

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina tambayar lafiyarka, duk da dai wanda bai amsa sallamar manya ba bai cancanci a tambayi lafiyarsa ba. Mahaifiyarka tana gaishe ka. Ta ce kana cin abinci kuwa? Na ce mata Shugaba ba ɗan aike ba ne, ta ɗaga mini ludayi, shi ya sa na rubuta.

Direba ya ce ka karanta takardata, ka yi dariya har da riƙe ciki, ka ninke ta ka sa a aljihu. To dariya ta ƙare. Layi ya taɓa arba'in.

Na tashi daga kan wannan takarda ya fi a ƙirga, in je in leƙa tanki in dawo. Katantanwa sun daina hawa gilashi, suna faɗowa ƙasa a kife. Jatan landen nan mai jan gemu da ke bin hannunka idan kana wanki, jiya aka tsamo shi da raga. Gishiri ya daskare a bakin tanki fari fat. Gimbiya kuwa, farin ya kamo ta daga gindi yana hawa sama, naman yana saluɓewa, sai ƙashi. Yau reshe ɗaya, gobe biyu. Wallahi Yaya idan ka gan ta, wato Malam nake nufi, idan ka gan ta ba za ka gane ta ba.

Ƙaninka ya yi iyakar ƙoƙarinsa. Ya wanke ma'auni ya shanya. Ya ɗauko kwalaben gwajin nan naka ya yi ta ɗiga su, ruwa ya koma shuɗi, ya koma ja, amma bai san wanne ne alheri ba. Allo ya sani, shi ma ba don bulala ba da bai sani ba. Da dabara ta ƙare sai ya yi addu'a ya tofa wa tankin daga nesa. Ya ce ganin ruwa na raguwa da sauri sai suka ƙara himma wajen cikawa, amma kullum jiya ta fi yau.

Ga laifinka a nan, kuma Ƙungiya ba ta jin tsoron kowa. Shekara da shekaru kai kaɗai kake shiga shago da sassafe, ka yi ƙus-ƙus ɗinka da gangunanka, kafin kowa ya zo ka gama. Idan yaron ya tambaya sai ka ce matsa can, Ƙwaro, kada ka jiƙa mini wayar wuta. To ga shi ka tafi da ilimin a kanka, ka bar mutane da bokiti.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganar mahaifinka. Ya kira mai gilashi. Ya ce ran Asabar a zo a kwashe ruwan, a yanka tankin a yi masa ƙanana na kifin ruwan daɗi, shi ya gaji da kiwon abin da ba ya jin magana. Ya faɗa da ƙarfi don kowa ya ji. Amma na lura idan shago ya yi shiru yakan jawo kujera gaban Gimbiya ya zauna, har ya kusa manna hanci da gilashi, ya daɗe bai motsa ba.

Ba na cewa ka dawo, manya ba sa roƙo. Kalma ɗaya kawai ka aiko. Idan ba don tsohon ba, ko don ita.

Wassalam. Naka cikin jira,
Babban Shugaba, wanda ƙafarsa ta gaji da zarya.

*

Zuwa ga Yayana.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da ladabi, irin wanda ba ka saba gani daga wurina ba. Ina fata kana lafiya. Inna lafiya, tana ta gaishe ka. Baba ma da sauƙi, zan zo kan maganarsa.

Saƙonka ya iso. Direba ya tsaya a bakin shago ya ɗaga murya, ya ce an ce a gaya wa Babban Shugaba gishiri ba ya bin tururi, ruwa ne kaɗai ke tashi. A riƙa cika tanki daga farar ganga, kaɗan-kaɗan, kada a yi gaggawa.

Yaya, tsumman goge daɓe na hannuna lokacin, yana ɗigar da tataccen ruwanka. Ashe duk cikawar da muke yi gishiri muke ɗorawa kan gishiri. Da na kai labari gida Inna ta kalle ni sama da ƙasa, ta ce miya idan ta daɗe a wuta ta yi gishiri, ruwa ake ƙara mata ko wata miyar? Ta ce maza biyu da gemu ɗaya da rabi. Ban tambayi na wa ne rabin ba.

Mun bi maganarka. Na so in juye gangar gaba ɗaya a huta, Baba ya riƙe mini hannu, ya ce an ce kada a yi gaggawa. Bai faɗi wanda ya ce ba. Layi yana saukowa a hankali, katantanwa sun fara hawa gilashi, kifayen sun fito suna faɗa kan abinci. Amma farin da ke jikin Gimbiya bai tsaya ba. Rassa uku na sama ne suka rage da rai. Na tuna na taɓa ganin ka yanke reshe mai rai daga saman inda ya mutu, ka manna shi a dutse ya tsiro. Na ɗauki almakashinka na ajiye, na sake ɗauka na ajiye. Wannan ba aikin Ƙwaro ba ne.

Yanzu ka zauna, ga maganar da ta sa na cire rigar wasa.

Shekaranjiya da safe na dawo daga zubar da shara, sai na tarar da Baba a bakin taga da ma'auninka. Ya leƙa da idon dama, ya goge da bakin riga, ya leƙa da na hagu, ya matsa inda rana ta fi haske. Na tsaya a ƙofa ina shirya tsokanar da zan yi masa. Sai ya juyo ya ce in zo in gaya masa inda layin yake. Ya ce shi wani shuɗin hazo kawai yake gani, kuma ba yau ya fara ba, tun kafin ka tafi ne. Rubutun jikin bokitin gishiri ma ya daɗe da ɓace masa.

Ka gane yanzu? Ba taurin kai ya sa yake lasar ruwa ba. Harshen ne kawai ya rage masa da zai auna da shi, shi ne ka ce a kai a saita, mutane suka yi dariya. Ba ka sani ba, na sani. Ni ma da na yi ta kwaikwayonsa a bayan kanta ina lasar yatsa, ban sani ba. Bai ce in gaya maka ba, bai kuma ce kada in gaya maka ba. Inna ta daɗe tana binsa su je wurin likitan ido, yana cewa wa zai bar wa shago, Ƙwaro?

Jiya ya aika wa mai gilashi cewa ya sha zamansa. Ya sa na haɗa sabon ruwa a shuɗiyar ganga, ga famfo can yana juyawa, ina jin ƙararsa daga nan. Ya ce ba mai zuba shi a tanki sai mai ido ya leƙa. Na ce ai ina da ido. Ya ce ba irin nawa ba.

Ɗazu ya same ni ina wannan rubutu a kan kwali, ya tambaya ko Shugaban nan nawa yana nan da rai. Na ce yana nan. Ya ce to in gaya masa ya gaya wa yaron can makulli yana rataye a ƙusar da ya saba rataye shi, ba wanda ya taɓa. Yana faɗa ya juya baya, wai yana gyaran raga.

To Yaya, Shugaba ya yi murabus. Babu ofis, babu sakatare, babu Ƙungiya. Hatimin ma murfin kwalbar gwajinka ne na tsoma a tawadar allo, zan wanke maka. Na san tun layin farko ka gane, tunda kai ka koya mini wannan karkataccen bokon a bayan kwalin abincin kifi. Amma ku biyun kun fi jin maganar Shugaba a kan tawa, shi ya sa na ara muku shi.

Direba zai juyo gobe da safe. Na ce ya bar maka kujerar gaba. Rassa uku ne, Yaya, kada ka tsaya gugar kaya.

Ni ne ƙaninka da ya rubuta duka ukun,
Autan Inna, wanda kake kira Ƙwaro.