Daɓen da Inna Ta Yi Mini Don Wankan Jego

Assalamu alaikum 'yan uwa na wannan zaure, manyana da sa'o'ina, ina gaishe ku da kyau. Adimin don girman Allah ki ɓoye sunana, akwai 'yan ƙasarmu a nan, kuma ba na so maganar ta riga ni isa gida. Don Allah ku ba ni shawara, wallahi kaina ya kulle.

Ni matar aure ce a Safana, mijina malamin firamare ne, kowa Malam yake ce masa har ni. Ina ɗauke da cikin fari kuma ya tsufa, haihuwa yau ko gobe. Asalina 'yar wani ƙauye ce can bayan Yasore a ƙasar Batsari, ba zan faɗi sunansa ba. Kun san al'adarmu, mace idan za ta yi haihuwar fari gida take komawa, uwarta ta karɓi haihuwar, ta yi mata wankan jego, ta dama mata kunun kanwa har ta yi arba'in. Ni kaɗai ce mace a 'ya'yan Innata, tun ranar da aka kai ni ɗaki take ɗokin zuwan wannan lokaci.

Mu manoma ne tun kakanni, gero da dawa da gyaɗa. To da ɓarayin daji suka sako mu gaba, gonakin bakin daji suka daina nomuwa, shanun huɗar Baba ma aka kore su. Ana cikin wannan hali aka ga zinare a wani kwazazzabo kusa da gari, kowa ya ajiye fartanya ya ɗauki diga. Amma ba mai iya wuni a bakin rami saboda tsoro, sai a ciko buhu da duwatsu a kawo gida. Maza su farfasa da guduma, mata su daka a turmi har ya zama gari, a tankaɗe, a wanke a bayan ɗakin Inna. Da shi ake ci a gidanmu, ba zan ɓoye muku ba, kayan ɗakina ma da shi aka yi. Ƙurar kuwa ba inda ba ta zama, kan murfin tulu, kan faifai, har cikin hanci. Kaji da agwagin gidan suka yi ta mutuwa, muka ce annobar kaji ce.

Akwai ɗan Yayana, zan kira shi Sadi. Da lokacin yaye ya yi aka kawo shi wurin Inna kamar yadda aka saba. Allah sarki, ba ta kiransa da komai sai mai gidana, shi kuma ya maƙale mata, ko sauke shi ta yi sai ihu. Saboda haka a bayanta yake wuni, tana daka yana goye. Yaro mai ƙiriniya, sai ya fara ƙin abinci, ya riƙa murɗawar ciki, tafiyar da ya iya ma ta gagare shi, daga nan sai jijjiga. Aka ce iska ce, aka yi rubutu, aka yi hayaƙi, shiru. Malam ne ya matsa, shi da Yaya suka kai shi babban asibiti a Katsina, a can Allah ya karɓi abinsa. Da suka dawo suka ce zazzaɓi ne ya hau masa kai. Ni ma haka na sani. Tun daga ranar Inna ta zama wata iri, magana ma sai ta kama dole, ga hawan jini ya sako ta gaba.

Kwanakin baya na je gida in gaishe su kafin jikina ya ƙara nauyi. Ko ruwa ban gama sha ba Inna ta kama hannuna ta ja ni ɗakin da za ta sauke ni. Jama'a, ku zo ku ga daɓe! Sumul kamar siminti, har ƙyalli yake. Ta ce ramin da ake ɗebo marmara yana kan hanyar ɓarayi, ba mai zuwa, sai ta duba ta ga ƙasar nan mai laushi da ke saura idan an gama wanke zinare, ga ta tsibi guda a bayan ɗaki ba mai amfani da ita. Ita ta kwaɓa da makuba, ruwan ɓawon ɗorawa, ta gayyato matan maƙwabta suka wuni suna daɓe suna waƙa, ita ma da gwiwoyin nan nata masu ciwo ta durƙusa aka yi da ita. Ta nuna mini itacen wanka da ta tara, da tukunyar da za a dafa ruwa. Ta buga ƙasan da tafin hannunta tana dariya ta ce, "Nan zan shimfiɗe sabon mai gidana." Tun rasuwar Sadi ban ga haƙoranta ba sai ranar.

Na dawo Safana bakina har kunne, ina ba Malam labari yana cin tuwo. Da na zo kan ƙasar da aka yi daɓen da ita sai ya tsame hannunsa. Sannan ya gaya mini abin da shi da Yaya suka ɓoye. Ashe likita ya tambaye su ko ana daka dutse a gidan, ya ce jinin yaron cike yake da gubar dalma, a cikin dutsen take, ƙurar ce ke shiga jikin yara. Ya ce mai ciki da jariri kada su kusanci wurin, kuma shara ba ta fitar da ita idan ta shiga ƙasa. A hanyarsu ta dawowa Yaya ya sa Malam ya rantse ba zai bari Inna ta ji ba, don ya san zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Shi Yayan sai ya lallaɓa ya mayar da matarsa da sauran yaransa gidan iyayenta da sunan ganin gida. Daka kuwa ba a fasa ba, don idan aka fasa ba abin ɗorawa a murhu.

Ni da zuciya, ban tsaya tunani ba na hau shi da faɗa. Na ce dama ya daɗe yana raina gidanmu don yana ganin ya yi boko, na ce a cikin ƙurar nan na yi wata da watanni kafin aurena, me ya same ni. Bai biye mini ba, ya ce in na je awo in tambaya. Da na je na tambayi ma'aikaciyar asibitin ban ce gidanmu ba ne, na ce wata ƙawata ce. Ta zaro ido ta ce in gaya wa ƙawar tawa ko kwana ɗaya kada ta kwantar da jariri a wannan ɗaki. 

Yanzu Malam ya ce ba inda zan je, ko da za a raba auren. Ya aika ta bakin Yaya cewa Inna ta zo Safana ta yi mini wankan a nan. Haba, ai sai ta ce Allah ya kiyaye, ita ta kwana gidan suruki, ciki da falon haya, ina za ta sa fuskarta, kuma me za ta ce wa matan da suka taya ta daɓe. Muka fake da rashin tsaro, ta ce ai hanyar na bi na je na dawo lafiya, kuma matan garin ba su daina haihuwa ba. Yanzu ta ɗauka Malam ƙyamar talaucinsu yake yi, ni kuma na bi bayan miji na juya mata baya.

Jiya ta ari wayar maƙwabta ta kira ni. Da ma faɗa ta yi da ya fi mini sauƙi. A hankali ta ce, "Ɗiyata, in wani laifi na yi ki faɗa mani da bakinki. Mi ɗakin ya rasa? In daɓen ne bai yi maki ba sai in sake wani, ƙasar ba ta ƙare ba." Hawaye suka zubo mini, ina jin ƙarar taɓarya a bayanta, wata na daka a tsakar gidanmu.

Malam ya ce ko in gaya mata gaskiya, ko shi ya yi kaffarar rantsuwarsa ya gaya mata. Yaya kuma yana roƙona da Allah da Annabi in yi shiru, ya ce in ta faɗi ta mutu ni na kashe ta. Idan na yi shirun kuma, za ta ci gaba da daka, yaran maƙwabta suna wasa a gindin turmin, ita kuma ta tafi da ciwon cewa ɗiyarta guda ta guje ta. Zuwa dai na san ba zan kai ɗana kan daɓen nan ba, wannan na gama yanke shi, ko da yake faɗinsa ma ciwo yake yi mini.

Iyayena mata na wannan zaure, ku da kuka yi jego kuka kuma yi wa 'ya'yanku, da malamai, da ma'aikatan lafiya idan akwai, ku taimake ni tun naƙuda ba ta zo ba. In bar ta ta ci gaba da zargina da raini, ko in faɗa mata? Idan faɗar ce, Inna ba yarinya ba ce, ina cewa ƙasar daɓen guba ce za ta gane sauran da kanta. Da wane baki zan ce wa uwar da ta haife ni turminta ne ya kashe Sadi, yana goye a bayanta?