Rijiyar da Inna Take Jira Ta Ƙafe

Zuwa ga maigidana, Malam, a can filin mai na gabas.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya, ina sanar da kai takardarka ta iso unguwarmu ta Kudai, nan kusa da Harami, ran Talata. Sau uku na karanta ta, ko sau ɗaya ban ji daɗinta ba.

Ka tuna ranar da za ka tafi, shekara shida ke nan? Kana ɗaure akwati ka ce wa mahaifiyarka, "Inna, rijiya ɗaya za a ba ni in kula da ita. Ranar da ta daina ba da mai za a sallame ni, in dawo gabanki." Na san don ta sake maka hannun riga ka faɗa. Ita kuwa ta riƙe maganar gam.

Tun daga ranar addu'arta ɗaya ce. Bara a Arfa, muna dafa wa alhazai shinkafa, na ji ta ɗaga hannu tana cewa, "Ya Rabbi, ka ƙafar da rijiyar nan." Matan da muke aiki tare suka yi ta dariya. Ni ma na dara, amma a zuciyata amin na ce.

To ga shi ka rubuto cewa man ya ja baya. Har na fara murna, sai na ga sauran. Maimakon a rufe rijiyar, an zare bututunta an sa sabo, an haɗa mata famfo, yanzu ruwan gishiri kuke ɗura mata don ya kora man zuwa rijiyoyin da ke kusa. Wai kuma ba wanda ya san halinta kamarka, kai za ka tsaya kan agogon da ke nuna ƙarfin ruwan. Har da "alhamdu lillahi" ka rubuta. Haba, Malam!

Ni nan kowace safiya a bakin ƙofa nake, ina jiran mai ruwa da garwa biyu. Da su zan yi girki, in yi wa Inna wanka, in wanke zannuwanta. Kai kuma ƙasa kake shayarwa.

Tun bayan Hajji Inna ba ta tashi ba. Ba na iya barinta in je Harami ko ran Juma'a, ba na iya zuwa wurinka ba muharrami. Daga ɗaki sai tsakar gida, sai baƙin dutsen nan da ke bayan taga. Wallahi na gaji, kuma ina kewarka, ban ji kunyar faɗa ba.

Kullum idan na kai mata kunu sai ta ce, "Ta ƙafe?" In ce saura kaɗan. Jiya na kasa. Na zauna na karanta mata takardarka tun daga sama har ƙasa. Da na gama sai ta ce, "Shi ruwan da suke zubawa, yana ƙarewa?"

Na ninke takardar na fita. Yau ba ta tambaye ni komai ba, kunun ma ba ta taɓa ba.

Ka roƙi hutu, ko na kwana bakwai ne. Kada ka aiko da wata takardar, ka zo ka amsa mata da bakinka.

Allah ya tsare mini kai, ya ba Inna sauƙi, ya sa ka tarar da ita idonta biyu.

Matarka,
Hauwa'u