Na Gyara Kwamfutata, Yayana Ya Daina Cin Abincina

Manang Pilar, don Allah ki ba ni shawara, farin ciki ne ya jawo mini rigima.

Shekarata hamsin da uku, ina da shagon buga katin biki a birnin Iloilo. Ana saura kwana biyar bikin unguwarmu, aiki ya yi mini yawa, sai na sayo wa kwamfutata sabuwar ƙwaƙwalwa, ɗan guntun da ke sarrafa aikinta. Aka saka, ta ƙi tashi. Ashe sai an sabunta BIOS, manhajar da ke tayar da babban allon cikinta. Yayana Manong Rodel, wanda duk dangi ke kai wa na'ura, ya ce ba zai taɓa ba, wai in wuta ta ɗauke ana tsaka da yi, allon ya mutu. Ya ƙara da cewa ni da ko rimot ke ba ni wahala, in koma kan almakashina.

Abin ya ƙona mini rai. Na mayar da tsohuwar ƙwaƙwalwar, na sa tabarau na kwafe lambar allon harafi-harafi, na sauko da fayil daga shafin kamfanin da ya ƙera shi, na zuba a filas, ɗan ma'ajin fayil da ake sokawa a kwamfuta. Na aro batirin ajiyar wuta a kantin maganin maƙwabciyata. Na danna maɓallin sabuntawa. Manang, fuskar kwamfutar ta yi baƙi ƙirin! Sau uku tana mutuwa tana tashi, ni kuwa na zauna a kan hannuwana don kada in taɓa komai. Da ta gama na saka sabuwar, ta tashi garau. Ihun da na yi har mai keke ya taka birki a waje. Katuna ɗari shida suka fita a kan lokaci.

To, a wurin bikin bakina bai yi shiru ba, har na kwaikwayi muryar Manong Rodel a gaban surukansa. Yanzu maƙwabta ni suke kawo wa kwamfuta, shi kuma mako uku bai zo gidana cin abincin Lahadi ba. In karɓi aikin? In ba shi haƙuri?

Mai Katin Biki

’Yar’uwa, barka da nasara! Kin bi abin yadda ya kamata: lambar allo daidai, fayil daga masu shi, wuta tsayayya, hannu a naɗe.

Amma allo ɗaya kika yi, kuma naki ne. Tsoron Manong Rodel gaskiya ne, raininsa ne kuskure. Kwamfutar maƙwabci in tana aiki lafiya, ki bar BIOS ɗinta ya huta. In dole ce, ki faɗa wa mai ita haɗarin tukuna, kuma kada ki fara ana hadari.

Ki ba shi haƙuri a kan kwaikwayon muryar kawai, gyaran ba laifi ba ne. Ki same shi shi kaɗai, ki ce aiki na gaba ku yi tare: ya duba lamba, ke ki danna. Allah ya ƙara buɗi, ya daidaita ku.

Manang Pilar