Kada Ki Nemi Makullin Motar

Auta,

Makullin motar yana aljihuna, kada ki wahalar da kanki nema. Na san halinki, sai kin gama abin da kika yi niyya kike karanta takarda.

Motar ba ta da birki. Tun da safe na ɗaga ta, na cire tayoyin baya, na canja takalman birkin da tiyon da ke yoyo, na zuba sabon man birki. Duk wannan ni kaɗai na iya. Saura fitar da iskar da ta shiga tiyon, shi kuwa sai mutum biyu: ɗaya a kujerar direba yana taka birki, ɗaya a ƙasa yana sassauta noti.

Shekara ashirin mamanki ce ke taka min, Allah ya jiƙanta, tana mitar zan sa girkinta ya ƙone. Yau ina kwance a ƙasa na ce "Taka!" har sau biyu kafin na tuna. Na tokare birkin da sanda, ta zame. Na leƙa ɗakinki, na ga kina barcin gajiya, na kasa tashinki.

Na tafi ganin likitan ido. Ki yi haƙuri, yau ki hau ta haya.

In kin dawo da wuri, ki ara min minti goma. Ba sai kin yi hira da ni ba. In na ce taka, ki taka, ki ce "na taka" da ƙarfi, yadda zan ji daga ƙasa.

Babanki