Akwatin Maki Ya Ƙi Sakina

Daura, Litinin

Ƙanena Sabiru,

Assalamu alaikum. Ya Kano, ya aiki? Inna tana gaishe ka.

Shafin nan da ka gina wa makarantarmu na shigar da makin jarrabawa ya hana ni sakat. Ka san tun da idona ya tafi, da kibod nake komai, kwamfuta tana karanta mini. Ina danna maɓallin Tab in tsallaka daga wuri zuwa wuri. To a shafinka, da na shiga akwatin maki shi ke nan, ba gaba ba baya. Tun safe ina kan ɗaliba ta farko, Amatullah Usman, saura arba'in da biyu.

Hedimasta ya ce duk malamin da bai shigar da makinsa da kansa ba zuwa Juma'a, za a karɓe ajinsa. Ni yake nufi, kowa ya sani.

Yayarka,
Hussaina

Kano, Talata

Yaya Hussaina,

Wa alaikumus salam. Ina fatan kin tashi lafiya. Na gwada shafin sau uku, lafiya lau yake. Ki roƙi Malama Talatu ta riƙa danna miki maus, abin nan da masu gani ke nuni da shi a allon kwamfuta, minti goma kun gama.

Naki,
Sabiru

Daura, Talata

Sabiru,

Sallama dai. Lallai yaron nan! Abin da hedimasta ya faɗa mini da gatse ke nan, har sunan Talatun. Shekara tara ina koyarwa ba wanda ya riƙe mini hannu, sai yau ɗan'uwana zai nema mini ɗan jagora? Wallahi raina ya ɓaci. Na zauna, na tashi, na zaga ofishin malamai har an fara tambayata ko lafiya. Zare maus ɗinka ka sake gwadawa.

Hussaina

Kano, Laraba

Yaya,

Assalamu alaikum. Na zare, na maƙale daidai inda kika maƙale. Laifina ne. Na umarci akwatin ya ƙi duk maɓallin da ba lamba ba, don kada a rubuta shirme a wurin maki, na manta Tab ma ba lamba ba ne. Ƙa'idar gina shafuka ta faɗa ƙarara: duk inda kibod ya shiga, dole ya iya fita. Na karanta ta, na tsallake, don ni ina gani.

Yanzu na daina tare maɓallai, sai an gama rubutu shafin yake duba ko lamba ce. Kunya ta ishe ni. Na ba direban motar Daura saƙo, ƙanwarmu Adama za ta karɓo miki a tasha. Ki yafe mini.

Ƙaninki,
Sabiru

Daura, Juma'a

Sabiru,

Wa alaikumus salam. Arba'in da uku cif, kafin a kira salla. Hedimasta ya tsaya a bayana har na gama, ya yi gyaran murya ya fita. Ajina yana hannuna.

Saƙo ya iso. Na shafa, na ji maus ɗinka ne. Yana cikin durowata, ba kuma yanzu zan mayar maka ba, sai ka saba da kibod kamar ni.

Allah ya yi maka albarka.

Yayarka,
Hussaina