Kwalayen da Ka Jefar a Legas

Nasarawa, Kaduna,
9 ga Satumba, 2002.

Zuwa ga Yayana Samuel,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kana lafiya, kai da Anti Grace da yara, kuma aiki a Legas yana tafiya daidai. Allah ya ƙara muku lafiya, ya tsare fitarku da shigarku. Mama tana nan da sauƙi, ƙafar ta daina kumbura, har ta je sujada ranar Lahadi. Gaisuwata ta ƙare a nan, Yaya, domin raina a ɓace yake, kuma da kai nake.

Kai ka sama wa ƙaninmu Shekari aikin canza fitilun nan masu kashe ƙwayoyin cuta a kamfanonin fiya wata na Kudenda da Kakuri, kai ne kuma kake aiko masa da su daga Legas. Mun yi ta sa maka albarka. Abin da ba mu sani ba shi ne, idan fitila ta mutu, masu kamfani sai su ce ya tafi da ita, wai kyauta. Shi kuma sai ya kawo ɗakinsu, ya rufe ƙofa don kada yaran maƙwabta su taka kwalba, ya farfasa, ya cire ƙarfen bakin ya sayar wa 'yan gwangwan. Shekara biyu ke nan yana haka a ɗaki ɗaya tal, inda suke ci, inda suke kwana. Matarsa Celina ce mai sharewa, da cikinta wata shida.

Tun Ista hannun Shekari ke rawa. Mutumin da ke ɗaura waya ido rufe, yau cokali ma sai ya zubar da miya. Mama ta ce sammu ne, ni kuwa, Allah ya gafarta mini, na ce burkutu ya fara sha a ɓoye, har na zage shi a gaban matarsa. Da dasashin Celina ya soma zubar da jini na ja su asibiti. Wata nas, Malama A'isha, ita ta zaunar da shi ta tambayi aikinsa dalla-dalla. Da ta ji, sai ta ajiye biro ta ce akwai zaiba a cikin fitilun, guba ce, tururinta ba ya wari, kuma tsintsiya ƙara watsa ta take yi. Ta ce babba yana iya farfaɗowa, amma abin da ke cikin Celina shi ta fi ji wa tsoro. Na koma ɗakin na durƙusa, na ga abin da idona a tsagin siminti, ɗigo-ɗigo yana sheƙi, daidai inda Celina ke shimfiɗa tabarma.

Ban tsaya nan ba, ka san ni. Na je shagon Uchenna a Kakuri, mai sayar da irin fitilun, ya buɗe mini kwali ya ciro wata takarda. An rubuta ɓaro-ɓaro kada a fasa, kada a share, kada mai ciki ta kusanta. Nan take na tuna Kirsimetin bara, kana zaune a tsakar gidan Mama kana yi mana burga, wai kai ɗan Legas ne, wai tun a can kake cire fitilun daga kwalayensu ka naɗe da jarida don su shige jaka ɗaya a motar Kaduna. Har dariya muka yi maka! Haba Yaya! Kai da ka fi mu boko duka, ba ka taɓa karanta takardar ba, ko ka karanta ka yar? Ban san wanne ya fi muni ba.

Na je ofishin gwamnati har sau uku. Na farko oga ya tafi mitin, na biyu aka ce ba sashensu ba ne, na uku wani ya ce su ruwan fiya wata kawai suke dubawa, ba su da wata takarda a kan matacciyar fitila. To ina amfanin layin da muka bi cikin rana muka jefa ƙuri'a? Sojoji sun koma bariki shekara uku, amma har yau babu mai gaya wa talaka inda zai kai guba. Mun rubuta koke, mata talatin na zumuntar cocinmu sun sa hannu, za mu kai wa ɗan majalisarmu, ko ya karanta ko ya yi fifita da shi.

Ga abin da nake so. Kada ka sake aiko fitila ko ɗaya ba kwalinta. Ka rubuta wa kowane kamfani da kake sayar wa, ka ce su mayar maka da matattun. Sannan ka zo da ƙafarka, kada ka aiko saƙo. Celina tana ɗakina yanzu, nasu mun sa kwaɗo. Likita ya ce ba za a san lafiyar jaririn ba sai ya zo duniya.

Ka gai da Anti Grace, da Joy, da Benjamin. Mama tana gaishe ka, ban gaya mata zancen kwalayen ba tukuna. Celina ma ba ta sani ba. Jiya tana tsefe kai take ce mini in namiji ne, Samuel za a sa masa, saboda kai ka ba ubansa abin yi. Kai za ka zo ka amsa mata.

Ƙanwarka,
Rifkatu.