An Ce In Kashe Mujiyar Aji Uku Da Hannuna

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure, masu tofa albarkacin baki da masu karantawa su wuce shiru. Admin, a sakaya sunana, ko da yake na san sakayawar ba za ta yi wani amfani ba, duk ɗan yankinmu da ya kai tsakiyar rubutun nan zai ce, af, ai Malam Mujiya ne. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon zancen, wanda ya kwana biyu bai sami abokin hira ba, in ya kama alƙalami sai an ƙwace.

Ni malamin firamare ne, mutumin Wurno, aka turo ni wani ƙauye can bayan Taloka a ƙasar Goronyo, ina riƙe da aji uku. Iyalina suna Wurno, kuma yadda hanya ta zama yanzu ba kowane mako nake leƙa su ba. A nan ina zaune a shagon ƙofar gidan wani dattijo, Baba Altine, manomin gero da albasa, mutumin kirki ƙwarai. Tun ranar da na sauka ya ce baƙo ba ya cin tuwo shi kaɗai a garinsu. Don haka kullum bayan magariba, in aka fito da akussa ƙofar gida don ciyayya, akwai gurbina a tabarma, a ci tuwon gero, a yi gardamar ruwan dam da kasuwar albasa, a tsokane ni da cewa hannun alli ba ya iya yanko loma ta kirki. Wannan tabarmar ita ce rediyona, ita ce majalisata, ita ce dangina a garin nan.

Ina da wata cuta da na kasa rabuwa da ita, ba na iya koyar da kimiyya a kan allo kawai. Littafi zai zana tsiro ya sa masa kibiyoyi, ga saiwa, ga kara, ga ganye, yaron da ya tattako tsiro ba adadi kafin ya iso makaranta ya zauna yana haddacewa kamar labarin wata duniya. Shi ya sa muka shuka wake a gwangwanayen madara, wani a taga wani a ƙarƙashin benci, don yara su ga da idonsu abin da rashin rana ke yi wa mai rai. Muka ɗebo talibambam daga fadama muka zuba a kwalba har ya fid da ƙafafu, muka mayar da shi inda muka ɗauko. Muka tara ganyen sabara da kalgo da aduwa muna shafa su da gawayi a takarda. Mutanen gari suka yi ta dariya, Baba Altine ya ce, "Malam na koya ma ɗiyan manoma shukar wake, gobe sai shi tahi gulbi shi koya ma kihi iyo." Dariya ce ta ƙauna, na sha abata da ruwan sanyi.

To, silin ajinmu ya ɓurma a kusurwa ɗaya tun kafin zuwana. Da damina ta ja, sai masu shara suka fara tarar da wasu curarruka baƙaƙe a ƙarƙashin ramin kowace safiya. Da na duba sai na gane abin da na taɓa karantawa ne ban taɓa riƙewa ba. Mujiya tana haɗiye kusu, wato ɓera, ɗungurungum, abin da cikinta ya kasa narkarwa, gashi da ƙashi, sai ta cure shi ta amayar. Wato kyauta aka ajiye mana ɗakin gwaje-gwaje a silin, abin da gwamnati ba ta taɓa yi mana alkawarinsa ba ma. Na jiƙa curarrukan a ruwa, na raba wa yara tsinke da kwali, na ce kowa ya tona a hankali ya jera abin da ya samu.

Ban taɓa ganin aji ya yi tsit irin na ranar ba, kuma ba da bulala ba. Akwai wata yarinya Kulu, jikar Baba Altine, wadda tun farkon shekara ban ji muryarta ba sai a amsa kiran suna. Ita ta tono ƙoƙon kai cikakke, ɗan mitsitsi, da haƙoransa biyu na gaba. Ta ɗaga shi sama ta ce, "Malam, ga haƙoranai! Wanga shi na ka cin geronmu cikin rumbu!" Na ce ƙwarai kuwa Kulu, kin riga malaminki kai wa ƙarshen darasi. Na gaya musu mujiya maigadin rumbu ce da ba ta karɓar albashi, kuma tunda ta zaɓi ajinmu, ta zama amana a hannunmu, ba jifa, ba zungura. Suka yi alkawari baki ɗaya. Kowa ya wanke hannu da sabulu kafin a tashi, wannan na faɗa ne saboda malaman lafiyar da ke zauren nan. Bayan ɗan lokaci muka fara jin wani huci a silin, muka ɗaure madubi a kan gora muka leƙa, sai ga 'ya'ya kamar curin auduga, da fuskoki irin na dattawan da aka tasa daga barci. Yaran da a da sai an koro su da kara, suka koma riga ni zuwa makaranta.

Abin da ban sani ba, Kulu ba ta mayar da ƙoƙon kan nan ba. Ta naɗe shi da ɗan gashinsa a takardar aikinta, wadda na rubuta wa "Da kyau" da jan biro, ta sa a kwalin ashana ta kai gida tana ajiya kamar zinariya. Ana nan sai zazzaɓi ya kama ta, har da jijjiga. Kakarta, Inna Dije, tana gyara mata shimfiɗa sai ga kwalin ashana a ƙarƙashin matashi. Ku dubi abin da idon tsohuwar da ba ta karanta boko ba ya gani: ƙoƙon kai, gashi, an naɗe da takarda mai jan rubutu, a ƙarƙashin kan yarinyar da ke fizge-fizge. Aka tambayi Kulu cikin zafin ciwo wa ya ba ta, ta ce Malam. Daga ina, ta ce daga bakin mujiya. Ni kaina in aka kawo mini wannan a jarrabawa aka ce in faɗi sunansa, sai na yi tunani kafin in rubuta kimiyya.

Ubanta ya kai ta asibiti a Goronyo, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, aka yi mata allurai, Allah ya ba ta lafiya. Sai dai a ranar da aka fara allurar, a ranar Inna Dije ta ƙone kwalin a bayan gida. Allura da ashana suka yi aiki rana ɗaya, ashana ta kwashe ladan.

Ba wanda ya zage ni, wannan shi ya fi ciwo. Da an zage ni da na sami abin amsawa. Kawai dai wata magariba na fito na tarar tabarmar ciyayya ta koma can gefen masallaci, akushina kuma an ajiye mini shi a bakin ƙofa, a rufe, da tuwo mai zafi kamar kullum. Mutanen nan ba su iya barin baƙo da yunwa ba, sun dai iya barin sa shi kaɗai. In na yi sallama a amsa, a taƙaice, kamar ana biyan haraji. Mata na hango ni su janye yara cikin zaure. Kalmar da ake nufi ba wanda ya furta ta a gabana, tana dai yawo kamar sauro, ana jin kukanta ba a ganinta. Labarin ya kai har kasuwar Gandi, inda na ji an ƙara masa gishiri, wai mujiyar tana gaishe ni da Turanci. Da ma haka ne, da na sami wanda zan gyara wa nahawu. Aji kuwa ya yi ta zubewa kamar ganyen kuka, yau babu wannan gobe babu wancan, har ya rage daga ni sai benci sai wake a gwangwani.

Na je wurin Liman, ya ce gaskiyata, camfi ne, tsuntsu ba ya ɗauke da ajalin kowa. Bai tsaya nan ba, ya faɗa wa jama'a bayan sallah. Kowa ya ce, "Haka na, Allah shi gafarta Malam," kowa ya koma gida ya ci gaba da tsare ɗansa. Na lura ba hujja mutane suka rasa ba, sun ga yarinya tana jijjiga ne, kuma hujja ba ta goge abin da ido ya gani.

Makon jiya Hedimasta ya tara iyaye a gaban Maigari. Samari suka ce a ba su dama su fasa silin su gama da mujiyar. Baba Altine ne ya hana, kuma wallahi na san don ya cece ni ya yi. Ya ce in samari sunka kashe ta, zargi na nan inda yake. Ya juyo ya ce mini, "Malam, ni ban ce taka ta ba. Amma mai abu ba ya iya kashe abinai. In ba taka ta ba, hau da kanka ka hiddo ta da ɗiyanta, ka gama da su gaban jama'a. Ran nan ɗiyanmu su koma aji, kai ko ka komo tabarma." Kowa ya ce madalla da wannan hukunci. Aka sa ranar Juma'ar wannan makon bayan an sauko. Na roƙi a jira 'ya'yan su yi fiffike su tashi da kansu, saura kaɗan, wani ya ce in sunka tashi ai sun watsu cikin gari ke nan. Na ce to in ɗauke su in kai kukar bayan gari, aka ce wato in ɓoye abina. Kuma ni na san ko an yarda, 'ya'yan da aka raba da sheƙa ba lalle uwar ta bi su ba.

Hedimasta ya ja ni gefe ya ce, mi ya yi zafi, tsuntsu ne fa ba sufeto ba, in kuma na ƙi to ba shi da yadda zai yi illa ya nema mini canji zuwa wata makaranta, don ba zai riƙe malami da aji babu yara ba. Na kira mai ɗakina a waya, ta ce mu da muke yanka kaza ranar suna, mi ne ne abin tsayawa a kan mujiya, in kashe in huta, ko in tattaro in dawo gida. Duk cikinsu ba wanda ya faɗi ƙarya.

Ni ma ba waliyyin tsuntsaye ba ne, na ci zabi na ci tantabaru ban yi kuka ba. Abin da ya tsaya mini shi ne, da bakina na ce wa yaran nan amana ce. Abu ɗaya na yi ta ƙoƙarin dasa musu tun zuwana, cewa in ka ga abin da ba ka gane ba, ka matsa kusa ka duba, kada ka fara da dutse. In na hau na murɗe wuyan 'ya'yan nan a gabansu, na koyar da darasin da ya fi duk na baya ƙarfi, kuma shi za su riƙe. Sannan in faɗi wadda ban faɗa wa Hedimasta ba. Yanzu bayan la'asar a ajin nake zama, don shagona ya yi mini faɗi. Dab da magariba mujiyar takan leƙo ta ramin da fuskarta kamar faranti, ta dube ni in dube ta. Na sha koya wa yara cewa mujiya ita ce wadda tsuntsaye ba sa zama da ita, ban san wata rana zan fahimci zancen daga ciki ba. A garin nan kaf ita kaɗai ce ke kallona ba ta kau da kai.

Jiya ina zaune sai na ji motsi a taga. Kulu ce, ta rame, da tulu a kai, an aike ta rijiya ta ratso ta bayan makaranta. Ta waiga hagu da dama ta ce, "Malam, ɗiyan sun yi fiffike?" Na ce saura kaɗan. Ta ce, "An ce kai za ka kashe su. Ni ko na ce ma su Inna ba ka yi, kai kac ce muna amana ta." Ta juya ta wuce, ruwan tulun yana zuba a bayanta.

To jama'a, ku da kuke nesa kuna ganin abin da ni ba na gani, mi zan yi? In hau in kashe, yara su dawo, in ci gaba da koya musu wake da talibambam kamar ba a yi komai ba? In ƙi, a ɗauke ni, samari su kashe ta bayan tafiyata, yaran kuma su koma haddar kibiyoyi? Ko akwai wata hanya da malamai ko iyayen da ke nan suka sani, wadda za ta kwantar da hankalin tsohuwar da ta ga jikarta a bakin mutuwa, ba tare da na ƙaryata yarinyar da ta tsaya mini ba? Don Allah kada ku ce in yi musu bayani, bayani shi ne sana'ata, kuma ya ƙare.

Juma'a jibi ce. Ɗazu da magariba na tarar da akushina a bakin ƙofa kamar kullum, da zafinsa. A gefensa Baba Altine ya jingine mini tsani.